Bashin babur ya sha kaina, ga kuɗin inshora: amsoshin tambayoyinku

Wasiƙun wannan watan kusan duk a kan abu ɗaya suka zo: babur da aka ɗauka bashi, biya ya gagara, ga inshora tana jira a gefe. Mun zaɓi bakwai muka miƙa wa waɗanda aikinsu ke nan, wato masu ba da shawara kan bashi, ma'aikatan inshora da bakanike. Alƙaluman da za ku gani misali ne kawai, ba na kuɗin wata ƙasa ba. Kowa ya ɗauko takardarsa ya sa nasa a gurbinsu.

Tambaya: Assalamu alaikum. Na ɗauki babur bashi don zuwa wurin aiki, a kan zan biya cikin wata 24. Na biya wata 9 lafiya lau, sai aka rage mana albashi. Watan jiya ban biya ba, wannan ma ban ga alama ba. Suna ta kira, ni kuma kunya da tsoro sun hana ni ɗauka. Me zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa, Allah ya yaye. Ka ɗauki wayar nan, in son samu ne ma kai ka riga su kira. A wurin masu ba da bashi, wanda ya makara da wata ɗaya amma ana jin muryarsa daban yake da wanda ya yi ɓatan dabo. Na farkon takardarsa tana hannun ma'aikacin da ke da ikon sassauta masa. Na biyun kuwa da wuri ake tura sunansa sashen karɓo bashi, su kuma aikinsu ɗauko babur ne. Ka sani ba babur ɗinka suke so ba. Ɗauko shi kuɗi ne, ajiye shi kuɗi ne, sayar da shi kuma yawanci asara ce. Sun fi son mai biya kaɗan ba fashi a kan ƙarfen da ke tsaye a farfajiyarsu, kuma da wannan za ka yi ciniki.

Amma kada ka je hannu rabbana. Ka tafi da alƙaluma uku a rubuce. Na farko shi ne kuɗin rufe bashi, wato abin da za ka biya yau a raba gari. Ka nema su ba ka shi a takarda ko saƙon waya, da ranar da adadin zai daina aiki. Ba daidai yake da biyan wata sau watannin da suka rage ba, domin a yarjejeniyoyi da yawa ana cire ruwan watannin da ba a shiga ba, wasu kuma suna ƙara kuɗin rufewa da wuri. Na biyu shi ne darajar babur ɗin a yau. Ka tambayi dillalai uku nawa za su ba ka hannu da hannu, sannan ka duba nawa ake sa wa irinsa, mai shekara ɗaya da shi, a kasuwa. Na uku, wanda mutane suka fi yaudarar kansu a kai, shi ne abin da za ka iya biya kowane wata bayan ka cire abinci, haya, magani, makarantar yara da man da za ka zuba. Abin da ya rage a watan da ya fi tsanani shi ne adadin, ba na watan da aka samu wani alheri ba.

In matsalar ta ɗan lokaci ce, kamar jinya ko albashin da ya makara, ka nemi a ɗaga maka biyan wata ɗaya zuwa uku a mayar da su ƙarshen wa'adi. Ka tambaya ko ruwa zai ci gaba da hawa a watannin hutun, domin yawanci yana hawa. Ka nemi a yafe tarar makara ta farko, da yawa suna yi in an roƙa. Ka kuma duba ranar biya: wanda ake cire wa kuɗi ranar 25 alhali albashinsa yana shiga ranar 30 zai riƙa cin tara kowane wata ba gaira ba dalili, kuma sauya ranar abu ne mai sauƙi.

Naka kuwa, tunda albashi aka rage, ya fi kama da matsala mai daɗewa, don haka maganar tsawaita wa'adi za a yi. Ga yadda take. A ce saura 100,000 a kanka, ruwa kashi 2 cikin 100 a wata a kan abin da ya rage. In za ka gama a wata 12, biyan wata 9,456 ne, ruwan duka wajen 13,500. In aka ja shi zuwa wata 24, biyan wata ya sauko 5,287, amma ruwan ya kai wajen 26,900. Ka samu numfashi, ka biya ruwa ninki biyu. A ganinmu wannan cinikin ya fi a ƙwace babur, matuƙar sabon adadin bai wuce alƙalaminka na uku ba. In ya wuce, babur ɗin ya fi ƙarfinka a halin yanzu, sai ka karanta amsar tambaya ta uku.

Duk abin da kuka daidaita a kai ya shiga takarda, da sunan ma'aikacin da kwanan wata. Alkawarin baki a waya yakan ɓace ranar da aka canza ma'aikaci. Kada ka ɗauki alkawarin da ka san ba za ka cika ba don kawai a daina kiranka, domin sabon tsarin da aka karya ya fi tsohon rufe ƙofa. In za ka biya rabin kuɗin wata, ka tambayi inda za su sa shi. A yarjejeniyoyi da dama tara ake fara cirewa, sai ruwa, sannan uwar kuɗi, shi ya sa mutum zai yi ta zubawa bashin na nan inda yake.

Sai gargaɗi ɗaya. Kada ka ci bashin manhajojin waya masu wa'adin mako biyu ko wata ɗaya don ka biya na babur. Cike rami ne da ƙasar wani ramin da ya fi shi zurfi, domin ruwansu ya ninka na babur nesa ba kusa ba.

Tambaya: Da zan karɓi bashin an ce mini ruwan kashi 20 ne a shekara. Wani abokina shi ma kashi 20 aka ce masa a wani wuri, adadin da muka ci ɗaya, wa'adi ɗaya, amma biyana ya fi nasa sosai. An cuce ni ne?

Amsa: Malam, mai yiwuwa hanyar lissafin ce ta bambanta, kuma wannan tarkon ya kama mutane da yawa. Akwai mai lissafa ruwa a kan abin da ya rage a kanka, akwai kuma mai lissafa shi a kan ainihin kuɗin farko har ranar ƙarshe, kamar ba ka taɓa biyan ko sisi ba.

Ɗauki 100,000 na wata 24. A lissafi na biyun, kashi 20 sau shekara biyu ya ba da ruwan 40,000, jimla 140,000, biyan wata 5,833. A lissafin abin da ya rage, biyan wata 5,090 ne, ruwan duka wajen 22,100. Wato kashi 20 na tsayayyen lissafi ya yi daidai da kusan kashi 35 a ɗaya lissafin. Suna ɗaya, nauyi daban. Ka ƙara da kuɗin cike takarda, kuɗin na'urar bin sawu (wadda ake sa wa babur don a san inda yake) da inshorar da wasu ke cusawa cikin bashin su kuma ɗora mata ruwa. Saboda haka tambayar da ta dace a yi wa kowane mai ba da bashi ita ce: daga kafin alƙalami zuwa biyan ƙarshe, nawa zan fitar gaba ɗaya?

Ko za ka iya komawa wani wuri mai rahusa su biya maka wannan bashin ka riƙa biyansu? Za ka iya, in kuɗin rufe bashinka na yanzu, da kuɗin buɗe sabon, da ruwan sabon, duka a haɗe sun gaza abin da ya rage maka a tsohon. In ka wuce rabin wa'adi, ko kuma yarjejeniyarka ba ta rage ruwa ga mai rufewa da wuri, da wuya ka ci riba. Wanda kuma ya saya ta tsarin murabaha, inda aka sayar masa da babur a kan farashi ɗaya da riba sananniya, ya sani cewa ƙa'idar tsarin ba ta yarda a ƙara masa kuɗi don an ƙara masa lokaci ba. In an nemi yin haka, ya buɗe takardarsa ya nuna musu.

Tambaya: Ni na haƙura. Na yi niyyar in bar su su zo su ɗauki kayansu kowa ya huta. In sun ɗauka ai bashi ya ƙare ko?

Amsa: A'a, ɗan'uwa, kuma wannan zaton ya jefa mutane cikin baƙin ciki biyu, ba babur ga bashi. A mafi yawan yarjejeniyoyi, in sun ɗauka sayarwa za su yi, su cire abin da suka samu daga bashinka, su biyo ka cikon. Sayarwar kuma sau da yawa gwanjo ce, inda dillalai ke saye da rahusa don su ma su ci riba.

Dubi bambancin. Kuɗin rufe bashinka 70,000, babur ɗin in ka sayar da kanka zai yi 60,000. Cikon da za ka nema 10,000 ne. In suka ƙwace suka sayar 45,000, suka ɗora maka 6,000 na ɗauko shi da ajiya da ladan gwanjo, abin da zai rage a wuyanka 31,000 ne. Babur ɗaya, rana ɗaya, amma bashin ya ninka sau uku. Ga sunanka da zai ɓaci a wurin hukumomin da ke ajiye tarihin masu cin bashi, wanda zai iya hana ka samun wani na shekaru.

Don haka sayarwa da kanka ta fi, amma da sanin mai bashi. Wannan sharaɗin ba wasa ba ne. In tsarin haya da saye ne, babur ɗin nasu ne har sai ka yi biyan ƙarshe. In kuma jingina ce, suna da haƙƙi a kansa. Sayar da shi a ɓoye zai iya mayar da maganar bashi ta zama ta 'yan sanda. Ka karɓi kuɗin rufe bashi a rubuce, ka nemi izinin sayarwa a rubuce, ka samo mai saye ka gaya masa gaskiya, sannan ku je ofishinsu tare. Mai saye ya biya su kai tsaye, kai ka cika in da ciko ko ka karɓi rara in da rara, su ba da takardar shaidar an gama biya da takardun babur, a cire na'urar bin sawu ko a mayar da ita sunan sabon mai shi, a canza suna a hukumar rajista. In cikon ya fi ƙarfinka a lokaci ɗaya, ka nemi su raba maka shi. Ƙaramin bashi ba kuɗin fetur, ba inshora, ba gyara ya fi sauƙin ɗauka. Kafin ka nuna wa kowa babur ɗin, ka wanke shi, ka gyara fitila da madubi da ƙaho, ka haɗa rasit na gyare-gyare da makulli na biyu. Waɗannan ƙananan abubuwa suna ɗaga farashi fiye da abin da suka ci.

Ka kuma san dokar inda kake, domin ta bambanta ƙwarai. A Birtaniya, dokar bashin masu saye ta 1974 ta ce wanda ya biya kashi ɗaya cikin uku na kuɗin haya da saye ba a ƙwace masa kaya sai da umarnin kotu, wanda kuma ya biya rabi yana da damar mayar da kayan ya fita daga yarjejeniyar, in ba a binsa na baya kuma bai lalata su ba. A yawancin jihohin Amurka kuwa mai bashi na iya ɗauka ba tare da kotu ba da zarar an saɓa, matuƙar bai ta da hankali ba. Ƙasashe da dama da suka gaji tsarin dokar Ingila suna da ƙa'ida irin ta farkon, sai dai kason da ake nema ya bambanta. Ka lissafa kashi nawa ka biya, ka kai takardarka ga lauya ko ofishin kare haƙƙin masu saye kafin ka miƙa makulli.

In har ta kai ga sun zo ɗauka, kada ka yi faɗa. Ka nemi katin shaidarsu da takardar umarnin, ka kwashe kayanka, ka ɗauki hoton babur ta kowane gefe da lambar kilomita, ka sa su rubuta halin da suka karɓe shi su sa hannu. Ka tambayi kwana nawa kake da shi na fanso shi kafin a sayar. Bayan an sayar, ka nemi lissafin a rubuce: nawa aka sayar, me aka cire.

Tambaya: Biyan bashin ina kokawa da shi, amma inshorar ce ta ishe ni. An ƙara kuɗinta bana. Zan iya daina biya, ko in koma ƙaramar?

Amsa: Malama, kafin komai ki duba takardar bashinki. Inshora iri uku ce a dunƙule. Ƙaramar tana biyan ɓarnar da kika yi wa wani, jikinsa ko dukiyarsa, ba ta biyan ko madubin babur ɗinki, kuma ita ce doka ta wajabta a yawancin ƙasashe. Ta tsakiya ta ƙara da sata da gobara. Cikakkiyar ta haɗa da gyaran naki babur ɗin ko da ke ce da laifi. Mai ba da bashi kusan kullum cikakkiyar yake sharɗantawa, domin babur ɗin shi ne jinginarsa. In kika daina biya ko kika sauko a ɓoye, kin karya yarjejeniya ko da ba ki taɓa fashin biyan wata ba. Wasu kuma sai su sayo inshorar da kansu su ɗora miki a kan bashi, yawanci ta fi tsada, kuma su ta fi karewa. Hawa titi ba ko ƙarama kuwa, ban da tara da kama babur, in aka bugi mutum kuɗin asibiti da diyya daga aljihunki za su fito, kuma za su iya ninka kuɗin babur ɗin sau da yawa.

Akwai dai hanyoyin rage ta na halal. Kada ki bari ta sabunta kanta. Makonni uku kafin ta ƙare ki nemi farashi daga kamfanoni uku zuwa biyar a kan sharuɗɗa iri ɗaya, ki koma wa naki da mafi araha. Ki tambayi mai bashi ko dole ne kamfanin da ya zaɓa, ko kowane mai rajista ya yi in an sa sunansu a matsayin waɗanda za a fara biya. Ki duba darajar da aka rubuta wa babur ɗin. Da yawa suna biyan inshora a kan farashin ranar da suka saya, alhali ranar asara darajar kasuwa ta wannan ranar kamfani zai biya, don haka ƙarin ya tafi a banza. Sai dai kada ki rage ta ƙasa da gaskiya, domin a nan ma za a rage miki diyya daidai gwargwado.

Akwai kason da mai babur ke fara biya daga aljihunsa a kowace ɓarna kafin kamfani ya biya sauran. In kika yarda a ɗaga shi, kuɗin shekara zai sauko, amma ki tsaya a adadin da za ki iya fitarwa gobe da safe. Ki karanta ƙare-ƙaren da aka liƙa, irin su janyo babur in ya lalace a hanya, inshorar hular kwano da riga, ko babur na aro, ki cire wanda ba kya buƙata. Ki tambayi rangwamen shekarun da ba ki nemi diyya ba, ki karɓi takardar shaidarsa in za ki canza kamfani. Ki gaya musu in babur yana kwana a ɗaki mai kulle, in yana da na'urar bin sawu ko ƙwaƙƙwaran kwaɗo, in kuma tafiyarki a shekara ba ta da yawa. Biya sau ɗaya a shekara yawanci ya fi na wata-wata araha, domin na watan bashi ne shi ma da ruwansa. Wadda ta raba kuɗin gida 12 tana ajiyewa tun yanzu, baɗi za ta biya a dunƙule. In akwai kamfanin takaful, wato inshora ta tsarin Musulunci, a inda kike, ki sa shi cikin waɗanda za ki tambaya.

Abin da ba za ki yi ba shi ne ƙarya a fom, kamar sa sunan wani babba a matsayin mai hawa alhali ke ce, ko canza adireshi, ko ɓoye hatsarin baya. Kamfani ba ya bincike sosai ranar karɓar kuɗi, ranar biyan diyya yake yi. Ki kuma guji takardar da wani zai miƙo miki a rabin farashi. Ki kira kamfanin ta lambar da ke shafinsu, ba wadda ke kan takardar ba, ki ba su lambar inshorar su tabbatar.

Tambaya: Ni ɗan acaɓa ne, kullum nake kai balas. In na yi kwana biyu ban kai ba sai su kashe babur ɗin daga ofis. Wani ya ce zai cire mini na'urar. Sannan inshorata ta mai hawa don kansa ce don ta fi araha. Ku ba ni shawara.

Amsa: Ɗan'uwa, Allah ya ba da kasuwa. Kada ka bari a taɓa na'urar nan. Da zarar ta daina aika saƙo sun sani, kuma a takardarka cire ta kusan tabbas dalili ne na ƙwacewa nan take, har da kuɗin da ka riga ka zuba a cikin hatsari. Masu cirewar kuma sukan yanka wayoyi barkatai su bar ka da batir mai mutuwa. Abin da za ka nema a ofis shi ne a mayar da balas na mako, domin ranar kasuwa ta rufe ranar ruwan sama, a kuma rubuta yadda za a yi da kwanakin jinya da na gareji. Ka nuna musu cewa babur da aka kashe ba ya kawo kuɗin kowa.

Inshorar taka kuwa, in kana ɗaukar fasinja ko kaya don kuɗi da takardar mai hawa don kansa, kamfani na da hujjar ƙin biya ranar da abu ya faru. Ka mayar da ita ta haya, ka tambaya ko ta haɗa da fasinja, domin ba kowace ce ta haɗa ba. In kuna da ƙungiya, ku nemi farashi a taro, ya fi sauƙi a kan mutum ɗaya.

Sai lissafi. Ka yi kwana 14 kana rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita. Daga kuɗin kowace rana ka fara cire mai, sai balas, sai kason gyara, sai kason inshora da takardu, wato kuɗinsu na shekara a raba da kwanakin da kake fita aiki. Abin da ya rage shi ne naka. Mafi yawan masu faɗawa bashi kason gyara suke cinyewa, sai ranar da taya ko sarƙa ta tashi su taɓa balas.

Bakanikenmu ya ƙara da cewa tsumin da ya fi tsada shi ne jinkirta baƙin mai. In ya tsinke ko ya yi ƙasa, fistin da zobensa suke fara ci, sai hayaƙi, sai shan mai, sai sauke inji da kwanaki ba aiki. A bi kilomitan da littafin babur ya faɗa, a rage su in ana aiki cikin ƙura da lodi, a duba sandar awon mai kowace safiya babur yana tsaye daidai. Sarƙa a yawancin ƙananan babura tana son wasan santimita 2 zuwa 3 a tsakiya. In ta yi tauri tana cin haƙoran gaba da baya, in ta yi sako-sako tana iya fita a kan gudu, kuma in za a canza a canza ta tare da haƙoran, domin tsoho yana cinye sabo. Taya mai ƙarancin iska da matatar iska da ta toshe duk suna ƙara shan fetur. Birki da taya kuwa ba a tsumi a kansu.

Tambaya: Na tsaya wa ɗana ya ɗauki babur, yanzu ya kasa biya, ni ake kira. Wani maƙwabci ya ce a ba shi babur ɗin ya ci gaba da biya. Mu yarda?

Amsa: Baba, sa hannun da kuka yi ya ba su damar binku abin da ya kasa biya, a wasu takardun ma ba sai sun fara gajiya da shi ba. Ku nemi kwafin abin da kuka sa wa hannu da cikakken lissafin abin da ake bi, ku zauna da yaron ku je ofis tare. Maganar maƙwabci kuwa, in ba a ofis aka mayar da bashin sunansa ba, kada ku yarda. In ya yi fashi ku za a bi, in ya yi hatsari sunan ɗanku ne a takarda, inshora kuma ba ta san shi ba. In ofis sun amince da shi, ku tabbatar an rubuta cewa an sauke ku daga tsayawar.

Tambaya: An sace babur ɗina saura wata 10 in gama biya. Kamfanin bashi sun ce in ci gaba da biya. Wannan adalci ne?

Amsa: Allah ya mayar da alheri, Malam. Abin da ciwo, amma bashin yana nan, domin kuɗi ka ci kuma satar ba ta goge su. Ka ci gaba da biya gwargwadon iko har inshora ta fito, ko ka nemi su ɗaga maka a rubuce na lokacin jiran, don kada tara ta taru.

In inshorarka ta haɗa da sata, gaggawa ce maganinta. Ka kai rahoto ga 'yan sanda a ranar ka karɓi takarda, ka sanar da mai bashi su duba na'urar bin sawu tun ba a cire ta ba, ka sanar da kamfanin inshora cikin kwanakin da takardarka ta ƙayyade, domin makara kaɗai na iya sa su ƙi. Za su nemi lambar inji da ta jikin babur, takardun rajista, lasisinka da makullan duka biyu. In an bar makulli a jiki, yawancin takardu sun cire wannan daga abin da ake biya. Sukan kuma jira wasu makonni ko za a gano shi.

Kuɗin in sun fito mai bashi ake fara ba. A ce darajar kasuwa 60,000, kason da kake fara biya daga aljihunka 5,000, za a biya 55,000. In ana binka 70,000, saura 15,000 a kanka. In ana binka 40,000, rarar 15,000 taka ce, ka neme ta. Akwai inshora ta daban da ke cike irin wannan giɓin tsakanin daraja da bashi, ka duba ko an sa maka ita tun farko ba ka lura ba. Tayin farko na kamfani kuma ba dole ne ka karɓa ba. Ka tara tallace-tallace uku ko huɗu na babur irin naka, masu shekaru daidai da nasa da kilomita kusan daidai da nasa, ka haɗa da rasit na sabuwar taya ko gyaran da ka yi kwanan nan, ka rubuta musu kana neman a sake duba darajar. In sun ƙi, ka nemi dalilin a rubuce ka kai ƙorafi hukumar da ke kula da kamfanonin inshora a ƙasarku.